Aron Harshe

Tun zazzaɓin da ya kwantar da yayana Settimio
harshensa ya mutu a bakinsa.
Yana magana, yana mita, yana tsine wa farashin kwalba,
amma zuma da toka duk ɗaya suke a wurinsa.
Shekara arba'in da ɗaya yana matse inabi
a kan tudun nan da ke hangen Jesi.
Yau ya hauro daga ɗakin ƙasa da tulu a hannu,
ya dire shi tsakanin albasata da wuƙa:
"Palmira, ara mini naki."

Na zuba.
Fara ake ce mata, amma ba fara ba ce,
launin karan alkama ne da kore bai gama saki ba.
Na kai hanci: ɓawon lemun tsami,
tuffa da aka tsinka saura mako ta nuna,
da warin dutsen bakin rijiya in ruwa ya ɗauke.
Na kurɓa. Sanyi, sai tsami siriri kamar zare,
sai gishiri can ƙasan harshe.
Teku tana da nisan rabin sa'a a mota,
amma ta aiko da gaisuwa.

Ya yi tsaki.
"Wannan zancen 'yan yawon buɗe ido ne.
Ni faɗa mini abin da take son ci."

To, na ɗora kasko.
Ƙananan kifin da Ulderico ya kawo daga Ancona da asuba,
na birkiɗa su a gari, man zaitun ya yi musu guɗa.
Kifi ɗaya, kurɓi ɗaya:
ta share maiƙon tas, kamar mai gida da tsintsiya
ta bar ƙofa a buɗe wa na gaba.
Na ce, "Wannan mijinta ne."

Zaitun da na cusa wa nama na soya jiya:
sun gaisa, ba su zauna ba.
Cukun tumaki da ɗanyen wake:
nan ta ɗaga murya, cukun ma ya ɗaga,
irin faɗan maƙwabta da ke ƙarewa da dariya.
Ragowar zomo da tafarnuwa ta riƙe shi da kyar.
Miyar tumatir kuwa, ko kallo.
Ta koma ruwa a bakina, ta yi shiru,
baƙuwa a gidan da ba a san sunanta ba.

Yana kallon maƙogwarona duk lokacin da na haɗiye,
kamar mai jiran likita ya fito.
"Ƙarshen fa?" ya ce. "Bayan ta wuce?"

Na goge hannu a zane, na gyara murfin tukunya
da ba ya bukatar gyara.
Tasa kullum takan bar ɗan ɗaci a baya,
na ƙwayar almon, gajere, mai ladabi.
Ta bana ɗacin ya ja kujera.
Ina iya cewa lafiya lau. Wa zai ƙaryata ni?
A gidan nan ni kaɗai ke da shaida.

"Ɗacin ya daɗe, Settimio. Ya fi na bara."

Ya rufe ido. Na ƙirga bugun agogo bakwai.
Sai ya buga teburin har kofi ya yi rawa:
"Ƙanƙarar Agusta! Layin gabas!
Na ce wa yaron nan mu ware shi, ya ƙi.
Tun a kan reshe na san za ta yi haka."
Yana dariya, idonsa na ruwa.

Ya miƙa hannu cikin kasko, bai jira ya huce ba,
ya ɗauki kifi ta wutsiya, ya tauna a hankali,
kansa a karkace,
yana sauraron ƙaras-ƙaras ɗin.
"Ƙara zubawa," ya ce. "Ki sha. Kada ki yi sauri."